Kuka a Ƙarƙashin Katako

A shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun irinmu, ina aikin gadi a wani gidan hutu da ke bakin teku, can arewa da Jidda. Mai gidan shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar. Iƙamata, takardar izinin zama, da sunansa take, in ya ce zauna na zauna, in ya ce koma Damagaram sai in fara ɗaure kaya. Ba mugun mutum ba ne. Dattijo ne mai jiki, mai fama da ciwon baya, maganarsa kaɗan, amma ba ya son ya faɗi abu sau biyu. Ni ina da ɗaki a bakin ƙofa. Ina shara, ina ba shuke-shuke ruwa, ina buɗe wa baƙi. Matata da yara suna unguwar Waziriyya a cikin Jidda, ranar Alhamis da yamma in babu baƙi nakan je in kwana a wurinsu.

Saboda ciwon bayan nan likita ya ce masa ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Sai ya sa aka kawo wani ƙaton baho, mai cin mutum huɗu a zaune, da injinsa na ɗumama ruwa da hura shi. Aka girka shi a lungun tsakar gida, inda bangon gida ya haɗu da katangar teku. Ma'aikatan kamfani suka kewaye shi da dandamali na katako mai tsayi har ƙugu, suka binne bahon a ciki, bakinsa kawai ake gani. Ɓangarori biyun da ba bango suka yi musu matakala. Injin da bututai da wayoyin wuta duk suka koma ƙarƙashi.

Katakon daga waje aka kawo shi, ja ne mai duhu. Kowace kusa sai da suka nutsar da ita, suka toshe kanta da ɗan guntun katako, suka goge, suka shafe da mai, har ba ka iya gane inda take. Babban ma'aikatan ya ce in inji ya sami matsala a kira su, suna da yadda za su yi. Maigida ya ji daɗin haka, don ba ya son ganin wata ƙofa ko marfi a jikin abin. Ni ma gaskiya ya burge ni. Na yi ta taka shi ba takalmi ina jin santsinsa.

Ranar Laraba suka rufe katakan ƙarshe, suka cika bahon da ruwa, suka tada inji. Washegari da safe maigida zai tafi hutun zafi ƙasar waje da iyalinsa. Kafin ya shiga mota ya kira ni, ya nuna dandamalin da sandarsa.

Ya ce, "Ya Hajj, wannan kada kowa ya taɓa shi. Injin ma kada a kashe, sun ce ruwan zai lalace. Mafhum?"

Na ce masa na gane, da irin kiran girmamawar da ake yi wa dattijo a can, "Mafhum, ya ammi. Allah ya kai ku lafiya."

Akwai wata kyanwa mai ruwan toka da ke yawo a gidan. Ba ta kowa ba ce, irin na Jidda ne masu bin bayan gidaje. Nakan jefa mata kan kifi in na ci abinci. Na lura cikinta ya yi nauyi a 'yan kwanakin aikin, sai kuma na daina ganinta, ban kuma sa abin a rai ba.

Bayan azahar ranar Alhamis ɗin, na yi wanka na sa riga zan kama hanyar Waziriyya, sai na ji ta tana kuka a tsakar gida. Ba kukan yunwa ba ne. Na leƙa na gan ta bisa dandamalin, cikinta ya saɓe, tana kai da komo, tana cusa hanci a tsakanin katako, tana yaƙushi. Na kore ta don kada ta ɓata man da aka shafa. Ta sauka ta zagaya ta sake hawa. Na kawo mata ruwa, ko kallonsa ba ta yi ba.

Injin yakan tashi ya yi ƙugi na wani lokaci, sannan ya tsaya da kansa. Da ya tsaya, wuri ya yi tsit, sai na ji wani abu siriri kamar kukan tsuntsu daga nesa. Na durƙusa na kafa kunne a kan katako, ga shi ya ɗau zafin rana har yana ƙona kunci. Kukan daga ƙasa yake fitowa. Ba murya ɗaya ba ce.

Nan take na gane abin da ya faru. Ta shiga ƙarƙashi lokacin da wurin yake buɗe ta haihu a cikin duhu, ta fita neman abinci, aka rufe kafin ta dawo.

Na zagaye dandamalin ina shafa shi da hannu ko zan sami wata kafa. Babu. Tsakanin katako da katako an bar 'yar tsaga don ruwa ya zurara, ko ɗan yatsana ƙarami ba ya shiga. Na ɗauko tocila na haska, ban ga komai ba sai farin bututu. Iskar da ke fitowa daga tsagar kuwa kamar ta bakin tanda, don ga zafin Jidda, ga injin ɗumama ruwa.

Na kira wayar maigida, a kashe. Na san yana cikin jirgi, amma na sake kira. Na kira kamfanin, ba wanda ya ɗauka, sun tashi sai Asabar. Na tsaya a gaban akwatin wuta hannuna a kan makunnin injin, maganar safe tana dawo mini a kunne. Ina tsaye injin ya sake tashi, kukan ya ɓace a cikin ƙuginsa. Na ce bismillahi na kashe shi.

Daga nan na kira matata na ce kada ta jira ni. Na gaya mata dalili.

Ta ce, "Malam, to me kake shirin yi?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ka sani mana, na ji a muryarka. Ka tuna dai yaran nan makaranta suke, takardunmu duk a hannun mutumin nan suke. In ka fasa masa abu ya dawo ya ce halas, ya sallame ka, ina za mu sa kanmu?"

Na ce, "To in bar su su mutu ina jin kukansu?"

Ta ce, "Ban ce ba. Wallahi ban ce ba." Na ji muryarta ta canza. "Ka sake neman sa dai. Kada ka yi komai sai ka same shi."

Na sami siririn tiyo irin na shuke-shuke, na matse bakinsa na tura ta tsagar, na zuba madara da ruwa daidai inda nake jin kukan. Ban san ko ya kai gare su ba, ban ma san ko 'yan kyanwar da ba su buɗe ido ba suna iya lasa. Sai daga baya tsoro ya kama ni, kada ya zama na zuba ruwa a kan wayar wuta. Na shimfiɗa buhunan da na jiƙa a kan katakon don su rage zafi. Uwar tana kwance a gefe tana haki, in ta ji motsinsu ta zabura ta hau yaƙushi. Faratanta sun riga sun yi wa wurin zane, ni ma na daina korar ta.

Kafin magariba na rubuta wa maigida saƙo da ɗan Larabcin da na iya, na ce akwai matsala a wurin baho, ya kira ni. Bai kira ba.

Da asuba na fito da sauri na kafa kunne. Kukan yana nan amma ya ragu, sai ka riƙe numfashi kafin ka ji. Na sake gwada wayar, har yanzu a kashe. A nan ne na kira wani kafinta ɗan Cadi da muke sallah masallaci ɗaya a Waziriyya. Mu'allim muke kiransa, ya girme ni, yana aiki a wani shagon ƙera ƙofofi. Na faɗa masa komai.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ka san iƙamata ta shagon nan ce. In aka gan ni da zarto a gidan wani, ni ma na shiga uku."

Na ce, "Na sani, Mu'allim. Yau Juma'a, ba kowa a unguwar. In ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba."

Ya ce bari ya yi tunani, ya kashe waya. Na ɗauka shi ke nan. Na shiga ɗakin ajiya na ɗauko guduma da wani ƙarfe mai baki, na zo na tsaya a kan dandamalin, na rasa ta inda zan fara. Da hantsi sai na ji ana buga ƙofa. Shi ne, da kayan aikinsa a cikin buhun shinkafa don kada a gane.

Bai ko zauna ba. Ya hau dandamalin yana ƙwanƙwasa katako da bayan yatsa. Na ce ko za mu ɓamɓare katako ɗaya kawai mu mayar. Ya girgiza kai, ya nuna mini yadda kowane katako ya miƙe ya shige ƙarƙashin leɓen bahon, ga kuma gam da suka sa bayan kusa.

Ya ce, "In ka ɗaga ɗaya zai tsage, watakila ya fasa bakin bahon. Matakalar kuma a kan siminti take. Sai dai mu yanka daga sama, mu yi marfi."

Na ce, "Za a gani?"

Ya ce, "Za a gani mana. Yanka ne. Abin da zan iya shi ne in yi shi a miƙe."

Ya zura siririyar waya ta tsagar yana lalube, har ya gano manyan katakan da ke kwance a ƙasa suna tallabe da na sama. Ya zana layi biyu da fensir a tsakaninsu, faɗin da kafaɗar mutum za ta wuce. Ya tambaye ni ko na ga inda ma'aikatan suka bi da wayar wuta da bututai. Na ce ina jin ta wajen bango suka bi.

Ya ɗago ya kalle ni. "Kana ji, ko ka gani?"

Na ce, "Ina ji dai."

Ya sa na je na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ya huda ɗan rami a kan layin, ya zura wani siririn zarto na hannu. Kafin ya ja sai ya tsaya.

Ya ce, "Gidan kafilinka ne. Kai za ka ce in yanka."

Na dubi wayata ko Allah zai sa ta yi ƙara a lokacin. Na dubi kyanwar. Na ce, "Yanka."

Ban taɓa jin ƙara mai tsorata ni kamar ta zarton nan ba. Gani nake duk unguwa ana ji. Jan garin katako yana zuba, gumi yana ɗiga daga gemunsa, ni kuma ina leƙen ƙofa ina dawowa. Yakan ja kaɗan ya tsaya ya lalubi ƙasa da waya, don tsoron bututu. Ana cikin haka wata mota ta tsaya a waje. Mu'allim ya yi maza ya cusa zarton a ƙarƙashin buhu. Ashe mai kawo wa maƙwabta ruwa ne. Da ya koma aiki yana gaggawa, sai zarton ya goce a katako na ƙarshe ya ɓantare gefensa, tsawon ɗan yatsa. Ya yi salati. Ni kuwa na zauna a kan matakala.

Da muka ɗaga guntayen, wani zafi mai wari ya bugo mu. Kafin in motsa kyanwar ta wuce ta tsakanin ƙafafunmu ta faɗa ciki. Na bi ta da tocila, na zura ƙafafu, na sauka da ƙyar, na rarrafa a kan ciki tsakanin bututai. Ashe wayar wutar ba ta wajen bango take ba. Na gan ta a manne da babban katakon da ke gefen yankanmu, tazararsu da bakin zarto bai fi faɗin tafin hannu ba. Ban gaya wa Mu'allim ba sai da muka gama.

Suna can lungu bayan injin, a kan wani kwalin da ma'aikata suka bari. Su huɗu ne. Uku suna motsi, sun riga sun kama nonon uwar. Ɗaya yana gefe ya sandare. Madarar da na zuba kuwa tana can nesa da su, ta bushe a kan siminti. Na jawo kwalin a hankali da su da uwar, tana mini gurnani, na miƙa wa Mu'allim. Na fito duk jikina ƙura da gumi, gwiwata ta ɗaye.

Muka binne mataccen a gindin bishiyar dabino. Sauran na kai su ɗakina ƙarƙashin gado. Mu'allim ya haɗa guntayen katakon da 'yan sanduna biyu ta ƙasa suka zama marfi guda, ya kafa masa mazauni a jikin manyan katakan don kada ya rufta da mai takawa, ya goge bakin yankan, ya like ɓantaren da gam da garin katako. Marfin ya zauna daram. Amma layi biyun suna nan, ko daga bakin ƙofar falo kana hango su. Muka mayar da wuta, injin ya tashi lafiya. Ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce zai sami Juma'a a hanya. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "In ya tambaya wa ya yi, don Allah kada ka ce ni ne."

Da yamma maigida ya kira. Layin yana yankewa, ga hayaniyar jikokinsa.

Ya ce, "Me ya sami bahon? Yana aiki?"

Na ce, "Yana aiki, ya ammi, sai dai akwai wata kyanwa da..."

Ya ce, "Kyanwa? Kore ta. Yalla, sai na dawo." Ya kashe.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Kullum da safe sai na je na tsaya a kan layukan nan ina kallo, wai ko sun ragu. Na shafa musu mai, suka ƙara fitowa. Na ɗora tukunyar fure a kai, na ga kamar ɓoye laifi nake, na ɗauke. Na rubuta saƙo na goge ya fi a ƙirga, don Larabcina na baki ne, in na rubuta sai abin ya fito kamar na rushe gidan. Abinci ya daina shiga. Matata ba ta sake tada maganar ba, amma wata Alhamis na tarar ta jera takardun makarantar yara a cikin jaka ta ajiye bisa akwati. Ban tambaye ta ba, ita ma ba ta yi bayani ba.

Ranar da ya dawo, bayan an shigar da kaya, kai tsaye tsakar gida ya nufa yana dogara sanda. Na bi shi a baya. Ban bari ya gani da kansa ba, tun kafin ya hau matakala na fara magana. Na faɗi yadda na ji kukan, da kashe injin, da kiran da na yi ta yi. Ya hau ya tsaya a kan marfin, ya bi layin da bakin sandarsa har ya kai wurin ɓantaren, ya tsaya a nan.

Ya ce, "Na ce maka me kafin in tafi?"

Na ce, "Kun ce kada a taɓa."

"Wa ya yanka?"

Na ce, "Ni na sa aka yanka, ya ammi. Wanda ya yi, roƙonsa na yi. Laifin nawa ne."

Ya daɗe yana kallona. Fuskarsa ta yi ja, na ga jijiyar wuyansa tana motsi. Na sunkuyar da kai ina jiran halas ɗin da matata ta faɗa. Sai ya ce in ɗaga marfin. Na ɗaga. Ya dafa kafaɗata ya sunkuya da ƙyar ya leƙa cikin ramin, ya daɗe yana kallon duhun.

Ya ce, "A nan ciki ka shiga?"

Na ce e.

"Sun rayu?"

Na ce uku sun rayu, ɗaya ya mutu.

Ya ce, "La haula wa la ƙuwwata illa billah." Ya miƙe ya saki kafaɗata. "Ina da ƙane a garin nan, ka san gidansa. Me ya hana ka zuwa wurinsa?"

Gaskiya ƙanen nan bai ko faɗo mini a rai ba, sai a lokacin. Ya juya ya shiga gida.

Kwanaki bai yi mini magana ba sai ta bakin direbansa. Kowace safiya in direban ya nufo ɗakina sai in ɗauka sallama ce ya kawo mini. Ma'aikatan kamfanin suka zo, suka yi ta gardama da shi a falo, na ji babbansu yana cewa tunda wani ya sa hannu su ba ruwansu da katakon. Daga baya dai suka canza katakon da ya ɓantare, suka sa wa marfin ɗan zobe na ɗagawa, suka bar shi a inda yake.

Da suka tafi ya kira ni da kansa. Bai ɗago daga jaridarsa ba. Ya ce daga yau duk wata in riƙa sauka ina duba ko ruwa na zuba a ƙasa. Ya ce kuma kyanwar da 'ya'yanta ba ya son ya sake ganinsu a gidan, matarsa ba ta son su, in san inda zan kai su kafin Juma'a.

Na ce, "To, ya ammi." Na tsaya ko akwai saura. Ya juya shafi, na fita.

Ran Alhamis na zuba su a kwali na huda masa ramuka, na ɗaure da igiya. Mai tasi na farko da ya ji motsi a ciki ya ƙi ɗaukata, na biyu ya yarda amma ya ce in riƙe kwalin a cinya. Tun daga bakin teku har Waziriyya uwar tana kuka tana tura kai, ni kuma ina danne marfin da hannu biyu. Yara suka tarye ni a bakin lungu suna ihu. Matata ta fito ta kalli kwalin, ta kalle ni.

Ta ce, "Malam, aikin fa?"

Na ce, "Asabar zan koma."

Ta sauke numfashi, ta jingina da ƙofa na ɗan lokaci. Sannan ta ce wa babbar 'yarmu ta ɗauko tsohon kwanon nan da ke bayan randa, kuma kada wanda ya shigo mata da su ɗaki.